Gejin zafi na babbar mota yana ƙarya: abin da aka tattauna

1. Kowa ya yarda a fara auna ainihin zafin injin da na'urar infrared (mai auna zafi daga nesa) a bakin tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zagayawar ruwan injin. Yawancin injinan dizil na aiki tsakanin digiri 82 zuwa 95. In haka ne amma allura na nuna daban, laifin geji ne ko sensa, wato na'urar da ke jin zafin ruwan injin ta aika wa geji.

2. A duba ruwan lagireto bayan injin ya huce. Ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga, sensa ba ta nutse ba, dole ta yi ƙarya.

3. A tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya, a kunna makulli, a cire wayar daga sensa a taɓa jikin injin da ita na daƙiƙa biyu kawai. Allura ta haura sama, geji lafiya yake, sensa za a canja. Kada a naɗa wa sensa tef a wurin da ake murɗa ta cikin injin, domin ta nan take samun haɗi da jikin injin. Mota mai kwamfuta kuwa, sikana (na'urar karanta kwamfutar mota) za a sa, kar a gwada wannan.

4. Gejin mai ma ya rikice? A duba wayar dashbod da ke ɗaure da bodi, tsatsa kan ci ta.

Inda aka rabu: wasu sun ce a ƙara gejin daban mai bututu, wanda ba ya aiki da lantarki, wasu sun ce sensa ta asali ta wadatar. Cire tamostat dai kusan kowa ya hana.