Wa ya taɓa gwada maganin itatuwa a kan tsargiya?

Mahaifin yaro: Assalamu alaikum. Bara ɗana mai shekara 11 ya kamu da tsargiya, jini na biyo ƙarshen fitsarinsa. Na jiƙa masa sassaƙe ya sha kwana 10, jinin ya ɗauke, muka yi hamdala. Bayan wata 4 sai ga shi ya dawo, ga ciwon mara. A asibiti aka ga ƙwayayen tsutsar da ke jawo cutar a fitsarin. Don Allah wanda abin ya faru da shi ko a gabansa ya ba mu labari.

Mai gwaji a asibiti: Wa alaikumus salam. Malam, irin wannan ya sha zuwa gabana. Mutum zai kawo fitsari garau yana cewa ya warke, in tace mililita 10 in duba a madubin gwaji, sai ga ƙwai masu ƙaya a gindi. Tsutsar ba a fitsari take ba, tana kwance a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana iya shekaru tana zuba ƙwai. Jinin kuwa yakan zo ya tafi da kansa. Abin da ke tayar min da hankali shi ne waɗanda suka shekara goma a haka, sai an zo an tarar ƙoda ta taɓu. A kawo fitsarin tsakar rana, lokacin ƙwan ya fi fita.

'Yar mai magani: Mahaifina ya yi wannan sana'a har ya koma ga Allah, kuma na ga masu tsutsar ciki sun sha jiƙonsa ta fito, da idona. Amma tsargiya, shi kansa yakan ce tana yi masa gardama. Ban yarda a raina itatuwa ba dai.

Ɗalibin haɗa magunguna: Hajiya, ba wanda zai raina su. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu kuwa daga tazargade, wanda ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Ni ma a aikina na kammala karatu na tatsi ruwan ganye uku na zuba wa tsutsotsi a faranti. Biyu sun kashe su cikin sa'o'i, na kasa barci don murna. Da muka gwada a ɓeraye, ɗaya bai yi komai ba, ɗayan ya ɓata musu hanta. Nan na gane nisan da ke tsakanin faranti da jikin mutum. A Masar ma an taɓa fitar da maganin tsargiya daga ƙaron wani itace mai suna mur, gwajin da aka sake daga baya ya nuna bai kama ƙafar farazikwantel ba, wato ƙwayar tsargiya da ake bayarwa a asibiti. Duk da haka binciken dole ne, domin shekaru da dama ke nan kusan wannan ƙwaya ɗaya duniya ta dogara da ita, kuma ba ta cika kashe tsutsar da ba ta girma ba.

Ma'aikacin tsaftar ruwa: Ni inda na ga amfanin tsiro a kan dodon koɗi ne, wanda tsutsar ke girma a jikinsa. Mun jiƙa 'ya'yan aduwa a bokiti muka sa su ciki, washegari duk sun mutu. Haka wani masani, Aklilu Lemma, ya lura a Habasha a 1964, ya ga matattunsu a rafi ƙasa da inda ake wanki da tsiron endod. Sai dai ƙananan kifayen da muka sa a wani bokitin su ma ba su kwana ba.

Mahaifin yaro: Allah ya saka muku da alheri. An auna nauyinsa an ba shi ƙwayar, ya yi jiri yini guda. Mako mai zuwa zan mai da shi a sake duba fitsarin, da ƙannensa biyu da suke wanka a ruwa ɗaya.