Wai me za mu kira komik da Hausa?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina da duk inda kuke. Tambaya gare ni ga masu Hausa a baki, me za mu kira komik? Ina nufin labarin nan da ake zana shi gida-gida kamar gidajen dara, hoto na bin hoto, maganar kowa na cikin ɗan da'ira a saman kansa. Yaranmu na nan ƙisas musawwara suke cewa ko manga, iyayensu su ce littafin katun, ni kuma ina so in riƙa rubutu a kansa da Hausa ba sai na ari bakin wani ba, don abin nan ina ƙaunarsa tun ina ƙarami har yau da furfura ta fara fitowa.

Wanda ya taso a ƙasar nan ya san me nake faɗa. Mujallar Majid da aka fara a Abu Dabi a 1979, a lokacin duk Laraba take zuwa, mai baƙalar layinmu, wato mai kanti, yana rataye ta a igiya da abin maƙale shanya, mu haɗa kuɗi mu saya ɗaya, wanda ya fi iya Larabci ya karanta da ƙarfi sauran suna leƙe ta kafaɗarsa, kafin ta zagayo hannunka bangon ya yi laushi duk shatin yatsu. Sai Basim ta nan Saudiyya da ta fito a 1987, ga Miki daga Misra. Yayyenmu kuma sun riski Superman na Larabci da aka fara bugawa a Berut a 1964, wanda a ciki sunansa na ɗan jarida Nabil Fauzi. Da yawanmu a nan muka iya karatun Larabcin da babu wasali, hoton ne ke gaya maka abin da kalmar take nufi.

Hajiya daga Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai zanen barkwanci ake cewa, haka nake gani a kafofin labarai na Hausa, me kuma za a nema?

Ɗan Jidda:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Zanen barkwanci yana nan da aikinsa, shi ne na jarida, hoto ɗaya tal an zana shugaba da ƙaton kai an yi masa shaguɓe, abin da Larabawa ke cewa karikatir. Wannan kuwa labari ne mai tafiya, wani shafi 20 wani 300. Kuma matsalar tana ga kalmar barkwancin, don irin ramin da Turawa suka faɗa kenan. Sun sa masa sunan ban dariya ne saboda na farko-farko da suka yi tashe a jaridun Amurka wajen 1895 na raha ne, sunan ya manne, abin kuma ya girma ya bar sunan a baya. Ki duba littafin da Joe Sacco ya zana a kan Falasɗinu, mutumin da ƙafarsa ya je Gaza da Yammacin Kogin Jodan a ƙarshen 1991 zuwa farkon 1992, ya zauna da mutane ya sha shayinsu ya zana sansanonin gudun hijira da taɓonsu da rufin kwanonsu. Wallahi bakina ba zai iya kiran wannan barkwanci ba.

Wani saurayi daga Riyad:
Yaya ni fa ban ga abin wahala ba, a ce komik kawai a wuce wajen, ba haka muka yi da mota da kwamfuta da burodi ba? Kalmar da kuka zauna kuka ƙera ba wanda zai faɗe ta a titi.

Ɗan Jidda:
Ƙanena ba na faɗa da aro, rabin abin da ke bakinmu a nan aro ne. Amma gwada ce wa dattijuwa komik ka gani, kwamedi za ta ji, mun koma gidan jiya kenan. Sannan ka lura manyan masu abin nan kowa da sunan da ya raɗa masa. Faransawa da mutanen Beljiyam, ƙasar da Tintin ya fito a 1929, suna kiransa da abin da ke nufin zanannen zirin takarda. Italiyawa sun ce fumetti, wato ɗan hayaƙi, don da'irar maganar ta yi musu kama da hayaƙi na fita daga baki. A Sifen har sunan wata mujalla, TBO ta 1917, ya zama sunan abin gaba ɗaya. Japanawa na da manga, Larabawa na da ƙisas musawwara. To mu me ya hana?

Baba daga Madina:
Ɗana ka tuna min da baya. Ni haihuwar Sudan ce, wajen Mai Wurno, kuma kafin duk waɗannan da ka lissafa mu muna da mujallar Sibyan da aka fara a 1946, a makaranta muke samunta. Akwai Ammak Tango a ciki, wanda Sharhabil Ahmad mawaƙin nan ya daɗe yana zanawa, mutane da yawa sun san shi da jita ba su san mai zane ba ne. Ni dai shawarata a ce labarin zane.

Hajiya daga Makka:
Alhaji labarin zane kuma? Mu mata in aka ce mana labarin zane ai atamfa za mu tambaya nawa ce turmi. Ga zanen fuska, ga zane yaro da bulala, kalmar ta yi 'ya'ya da yawa.

Malama daga Jidda:
Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Hausa na karanta a jami'a a gida kafin aure ya kawo ni nan, kuma ina ganin amsar tana hannunmu tuntuni. Me muke kiran littattafan hikaya na zamani? Ƙagaggun labarai. Waƙar da aka rubuta fa? Rubutacciyar waƙa. Harshen yana da wannan ginin da kansa, dafa dafaffe, ƙaga ƙagagge, zana zananne. Don haka zanannen labari, jam'i zanannun labarai. Ba wanda zai ji zananne ya tuna atamfa, bai ce dole a yi dariya ba, bai ce na yara ne ba, kuma ya raba shi da katun mai motsi na talabijin da kuma labarin da aka haɗa da hotunan kyamara irin na Lance Spearman da iyayenmu suka karanta a Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1960, wancan hoto ne aka ɗauka, wannan hannu ne ya zana.

Ɗan Jidda:
Malama Allah ya saka da alheri, wallahi tun ɗazu nake maimaita shi a baki ina jin yana zama. "Na sayo wa yara zanannun labarai." "Wane ne ya zana labarin?" Ka ga har aikatau ɗinsa ya zo da shi, mai yin abin kuma mai zana labari, ba sai an yi dogon bayani ba. Manga ta riƙe sunanta tunda na Japan ne kuma daga dama ake karanta ta kamar Larabci, sai mu ce manga wani nau'i ne na zanannen labari.

Saurayi daga Riyad:
Toh na ji, ya ɗan yi tsawo amma ya fi labarin zane. Comic Con fa, taron nan na masoya komik, shi ma za ku juya shi?

Ɗan Jidda:
Sunan taron a bar musu abinsu, amma irin taron sai mu ce baje kolin zanannun labarai. Asalinsa ma haka yake, na San Diego da ya fi kowanne suna a 1970 ya fara, mutum wajen 300 a ƙasan wani otal, masu sayar da tsofaffin mujallu da masu zane irin su Jack Kirby, yanzu kuwa sama da mutum dubu 100 ke zuwa duk shekara har 'yan fim sun nemi su mamaye wajen. Na farko a ƙasar nan a nan Jidda aka yi, Fabrairun 2017, kwana uku, na je. Layi ba a magana, kowa na rububin ganin 'yan fim ɗin da aka gayyato, ni kuwa inda na maƙale shi ne teburan matasa masu zane, wata yarinya cikin abaya ta sunkuyar da kai tana cike baƙin gashin jaruminta da alƙalami sili-sili, gefen hannunta duk tawada, ga kwafin labarinta da ta buga da kuɗinta ta ɗinke da sitefila. Na tsaya ina kallo ina cewa a raina yaranmu na unguwannin Karantina a Jidda da Shara Mansur a Makka akwai masu hannu irin wannan, na sha ganin zanensu a bayan littafin makaranta, ga Gizo da Ƙoƙi ga Bayajidda da macijin Kusugu duk suna jiran mai zanawa.

Baba daga Madina:
Na janye nawa, zanannen labari ya yi. Su kuma masu sa kayan jaruman a wajen taron, shigar burtu za a ce?

Malama daga Jidda:
A'a Baba, shigar burtu akwai yaudara a ciki, maharbi ne ke ɓoye kansa don ya kama tsuntsu. Waɗannan so suke a gane wanda suka kwaikwaya, shigar jarumai ta wadatar.

Ɗan Jidda:
To an tsaya a nan: zanannen labari, mai zana labari, shigar jarumai, kowane akwatin hoto kuma gida. Saura da'irar maganar nan, wani ya turo min kumfar magana ta waya, ni ban gama gamsuwa ba don ta tunani daban take da ta furuci, ta ihu ma daban mai tsini-tsini. Hajiya da Malama, ku me kuka gani?