Ranar da ka miƙa rubutun barkwancinka a duba maka, me ya biyo baya?

Telan Idi-Araba:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tunda yawancinmu gajerun wasannin barkwanci muke rubutawa, irin waɗanda samari ke ɗauka da waya su ɗora a TikTok da Facebook, ina so kowa ya ba mu labarin abin da ya gani ranar da ya miƙa rubutunsa a duba masa, ko ranar da aka miƙo masa. Bari in fara. Bayan gwamnatin Legas ta hana acaɓa a su Ikeja, Surulere da Apapa ranar 1 ga Yunin 2022, na rubuta wasa kan wani ɗan acaɓa da ya koma tura baron rake, amma hannunsa bai daina murɗa totur ba, in ya ga mutum tsaye bakin titi sai ya ci birki ya tambaye shi ina za shi. Na tura wa abokai. Amsar kowa iri ɗaya: fuskar dariya da "Masha Allah, ya yi." Muka kashe kuɗin mota da na abincin yara muka ɗauka. Sai wajen haɗa bidiyon muka ga gaisuwa kaɗai ta cinye rabin wasan kafin baron ya bayyana. Da na tuntuɓi ɗaya daga cikinsu, sai ya ce ai ya lura, kunya ce ta hana shi faɗa. Kunyar tasa, ni na biya kuɗinta.

Malamar Islamiyya, Agege:
Wa alaikumus salam Malam Tela. Shi ya sa ni duk wanda ya turo mini rubutu, kafin in buɗe sai na tambaye shi: an riga an ɗauka ne, ko ana shirin ɗauka? In an ɗauka, addu'a ce tawa, don gyara ba ya da sauran amfani. In ba a ɗauka ba, sai in karanta da ƙarfi, yarana na ji. Barkwanci ba a gane shi da ido kawai, sai an furta. Abu biyu nake mayar wa mai rubutu: layin da aka yi dariya, da layin da yaran suka fara waige-waige. Ba na cewa "bai yi ba." Wannan hukunci ne, ba ya nuna wa mutum inda zai sa hannu.

Amma akwai masu gyaran da gara mai kunya da su. Na taɓa rubuta wasan wani baƙo da ya sauka Legas ranar farko, ya shiga danfo, kwandasta na ta ihun sunayen tashoshi shi kuma yana amsawa da "amin", don ya ɗauka addu'a ake yi. Maganarsa duk a karye na rubuta ta da gangan, Turancin buroka rabi, Hausa rabi. Wani bawan Allah ya karɓa, ya kwana a kai, ya dawo mini da shi tsaf: ya sa wa kowace ƙ da ɗ ƙugiyarta, wannan na gode, amma ya miƙe maganar baƙon ta koma Hausar karanta labarai a rediyo. Ko wuri ɗaya ba a bar na dariya ba. Da ya tambaye ni kafin ya taɓa, da ya huta ni ma na huta.

Ɗan Obalende mai shayi:
Malama, wannan na "amin" ɗin ki ba ni shi don Allah.

Malamar Islamiyya, Agege:
Ka ga irinta ko? An ɗauke shi tuni, ƙanena.

Bagobirin Mile 12:
Ni nawa ya shafi wa ya halatta ya faɗi me. Kun san tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. A kasuwa ina tsokanar dattijuwar da ke sarin tattasai wurina kan yajin miyarsu, ita kuma ta rama da tsagen fuskata, a yi dariya a rabu. To sai na rubuta wannan a wasa, na ba wani yaro Bakano ya duba. Ya ce ya yi daɗi, amma a cire zancen Gobir don ba kowa zai gane ba, a bar shi Bahaushe kawai da Bayarabiya. Ya ƙara layi biyu nasa masu zafi.

Na ce masa ɗana, abin da kake so a cire shi ne lasisin wasan. In Bagobiri ya faɗa, taubasantaka ce. In "Bahaushe kawai" ya faɗa, a bidiyon da zai yawo wayoyin mutanen Ketu da Ikorodu waɗanda ba su san wannan tarihi ba, zagi ne. Mu da muke Mile 12 a watan Maris na 2016, lokacin da rikici ya tashi aka rasa rayuka har gwamnati ta rufe kasuwa, mun san abin da ƙaramar magana ke jawowa. Yaron bai yi da mugun nufi ba, bai daɗe da zuwa Ikko ba ne. Tun daga nan duk wasan da ya taɓa maƙwabtanmu, mutum biyu nake ba: Bahaushe ya gaya mini ko akwai dariya, Bayarabe ya gaya mini ko akwai ciwo. Sau da yawa layin da na fi so shi ne na biyun ke cewa akwai ciwo, kuma ina cirewa, ko da raina bai so ba.

Ɗaliba daga Akoka:
Baba Bagobiri ya yi gaskiya, har da masu mulki. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowannensu da tara, kan bidiyon barkwanci da suka yi wa gwamnan lokacin, Ganduje, a TikTok. Wanda ka ba rubutu ya ga irin wannan ramin ya yi shiru, bai kyauta maka ba.

Nawa kuma na sata ne. Na tura wa wata da nake kira Anti wasan uwar miji da ta zo daga ƙauye ta tarar da matar ɗanta tana sayen abinci ta waya. Ita kuma, da yake wasan ya burge ta, ta tura wa ƙanenta, shi ya tura gaba. Ban ankara ba sai ga shi an ɗauka, sunayen kawai aka canza. Da na yi magana Anti ta ce ai talla ta yi mini. Har yau muna gaisawa, amma ko jerin cefane ba na tura mata.

Lauya, Ebute Metta:
Ƙanwata, sannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana karɓar rajista, kuma takardarta hujja ce. Sai dai abin da doka ke karewa shi ne yadda kika tsara maganganun, ba dabarar labarin ba. Uwar miji da matar ɗa na kowa ne. In layukanki aka kwashe, kina da magana. Ki riƙa ajiye saƙon farko mai kwanan wata, kuma ki rubuta a samansa cewa don dubawa ne kawai, kada a tura wa kowa. Mutanenmu da yawa ba ɓarayi ba ne, hannunsu ne ke saurin turawa.

Direban tirela, Apapa:
Ni fa ina ganin kuna lallaɓa juna da yawa. In wasa ba dariya a faɗa gaban kowa, kowa ya ƙaru. Lokacin da layin shiga tashar jiragen ruwa ke cin kwanaki, a gindin mota nake karanta wa direbobi abin da na rubuta. Waɗannan ba su san kara ba. In bai yi ba, sai ka ga mutum ya tashi ya tafi alwala tun lokacin salla bai yi ba. Su suka koya mini yanke gaisuwa.

Malamar Islamiyya, Agege:
Alhaji, sa'o'inka ne, kuma kai ka kai kanka. Wani dattijo da ya girmi mahaifina ya taɓa ba ni rubutunsa, shafi shida, duk nasiha, dariya ɗaya tak a shafi na biyar. Gaban mutane zan ce Baba bai yi ba? Na same shi shi kaɗai na ce, Baba wannan wuri na shafi na biyar ya kashe ni da dariya, yaya za a yi mu fara da shi? Shi da kansa ya ɗauki biro ya soke shafi huɗu.

Direban tirela, Apapa:
To ai kin faɗa masa bai yi ba ke nan, hanya ce kawai kika zaga ta Ikorodu.

Telan Idi-Araba:
Tambaya ga Barista. In na ba mutum rubutu ya duba, ya kawo layin ƙarshe wanda ya fi duk nawa, na sa, wasan ya karɓu, na wa ne? Wani ya yi mini haka, yanzu duk inda aka zauna cewa yake "wasanmu".

Lauya, Ebute Metta:
Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Malam Tela. Layi ɗaya da aka bayar a matsayin shawara da wuya ya mai da mutum abokin mallaka. Amma tun kafin ka sa, ka tambaye shi a rubuce: kyauta ka ba ni, ko in sa sunanka? In ya ce suna, ka sa a ƙarshen bidiyo, ba ya rage ka da komai. Rigimar da nake gani tana tashi ne bayan wasa ya fara kawo kuɗin talla, lokacin kowa ya tuna da gudummawarsa.

Ɗan Obalende mai shayi:
Ni na ba da layuka sun fi a ƙirga, kuma ba na son suna. Waɗanda suka ɗauki wasa a teburina ranar Lahadi dai su zo su biya kuɗin shayi da ƙwai, don wanda ya fito a attajirin ma bashi ya ci.