Motar zango ta dusashe, baƙin layi ya ƙi fita: yaya ake wanki da shafa kaki?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu motar zango, wato motar tafiye-tafiye mai ɗakin kwana a ciki, ku taimaka min da shawara. Tawa mai jikin faiba ce, tsawonta ya ɗan haura mita 8, ta hannu na saya, kuma tun da na kawo ta nake fama da abu biyu. Na farko in ka shafa jikinta sai wani farin gari kamar alli ya biyo tafin hannunka, na biyu kuma wasu baƙaƙen layuka ne da suke gangarowa daga sama ta gefen tagogi. Na wanke ta da omo har sau uku, jiya ma na shafa mata kaki irin wanda nake sa wa ƙaramar motata, wallahi sai ta ƙara muni, duk ta yi dabbare-dabbare. Ina na kuskure?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Omo kuma Yaya? Ai ka gama da ita tun a nan 😂

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kwantar da hankalinka, ba ta lalace ba. Wannan farin garin ba datti ba ne, fatar jikin ce da kanta. Jikin faiba ana lulluɓe shi da wani siririn shafi mai ƙyalli da ake kira jel kot, rana da iska su ke cin samansa a hankali har ya mutu ya koma gari. To kai sai ka ɗora kaki a kan mataccen shafi, kakin ya kwaɓe da garin, shi ne dabbare-dabbaren da ka gani. Sai an kankare wannan mataccen saman da folish mai ɗan kaushi, irin wanda ake yi wa jiragen ruwa na faiba, Meguiar's suna da shi, 3M ma haka, in asalin launin ya fito sannan kaki ya biyo baya. Amma kafin duk wannan, rufinka wane iri ne?

Baban Ilham: Injiniya gaskiya ban taɓa hawa ba. Da na leƙa ta kan tsani dai fari ne kuma yana da taushi kamar roba.

Injiniya: Yawwa, ka ga inda gizo ke saƙa. Rufin roba ne, ko irin robar da ake kira EPDM ko wadda ake kira TPO. Ƙura da kashin tsuntsaye da abin da robar ke saki duk suna taruwa a sama, ruwan sama ko raɓa ya kwaso su ya gangaro da su ta gefe, shi ne baƙin layin. Ko sau ɗari ka wanke gefe muddin rufi na da datti zai dawo. Daga sama ake farawa kullum. Sabulu mai sauƙi ko wanda aka yi don rufin roba, da burushi mai laushi, kana yi kaɗan-kaɗan kana ɗaurayewa, kuma ka sa wani a ƙasa da tiyo yana jiƙa gefen don kar ruwan dattin ya bushe a jiki. Abin da zan ja maka kunne a kai: kar kalanzir ko fetur ko duk wani sinadari mai dangin man fetur ya taɓa rufin nan, haka ma sinadaran wanki masu man lemu ɗin nan, suna kumbura roba su sa ta saki daga katakon da ke ƙarƙashi.

Maman Sadiq: Don Allah ku riƙa faɗa wa mutane maganar santsi. Maigidana saura ƙiris ya faɗo daga kan tamu, roba in ta haɗu da kumfa ta fi tayil ɗin banɗaki santsi, ga tsayi ya kai mita 3. Yanzu da gwiwa yake rarrafawa in ya hau, yana farawa daga gaba yana ja da baya zuwa wajen tsani. Kuma ba kowane rufi ne ake takawa ba, ka duba littafin motarka tukuna, wasu sai dai ka tsaya a kan tsani da dogon burushi.

Dattijo: Maganar Hajiya gaskiya ce. Ni ƙarin da zan yi, tunda za ka hau ɗin, ka duba gam ɗin da aka toshe bakin fanka da na eriya da sauran ramukan rufi da shi. In ka ga ya tsage ka gyara kafin ka zuba ruwa da yawa, akwai na Dicor mai baje kansa da kansa, shi ake sa wa a rufin roba, kar ka sa silikon na gina gida don ba ya kama ta da kyau kuma in ka sa shi wani gam ba zai sake zama a wurin ba. Yoyo shi ne ke kashe motocin nan, dusashewa ai kwalliya ce kawai.

Ɗan Auta: Ni fa ban ga dalilin wannan wahala ba, injin feshin ruwa nake ɗaukowa minti 20 na gama.

Dattijo: Yaro kenan. Ka zo ka ba mu labari ranar da ka ga bangon ciki ya fara kumbura.

Injiniya: Hhhh Baba a yi masa a hankali. Ɗan Auta ba haramun ba ne amma akwai haɗari, ƙarfin ruwan yana ɗaga bakin sitika, yana yanka gam, yana cusa ruwa ta ramin iskar firji da na hita da bakin tagogi. In dole sai ka yi, sa bakin da ke baje ruwa, mai digiri 40, ka ja baya sosai, kar ka saita shi a kan haɗi ko sitika. Ni tiyo ya ishe ni.

Maman Sadiq: Wankin jiki kuma mu bokiti biyu muke yi, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye soso, duk shafa ɗaya sai a tsoma a na ɗauraya tukuna don kar yashi ya koma jiki ya karce. Sabulun wankin mota na gaske, ba omo ba ba na wanke kwanuka ba, waɗannan an yi su ne don cire maiƙo, to kaki ma ai maiƙo ne, tas suke kwashe shi. Sannan a inuwa ko da sassafe, gefe ɗaya a gama shi a tsane da tawul mai laushi kafin a koma ɗayan, in ruwa ya bushe da kansa sai ka ga ɗige-ɗigen fari musamman in ruwanku mai gishiri-gishiri ne, wannan ruwan khal da aka sirka da ruwa yana fitar da shi. Soson taya daban, kar ya kusanci jiki. Ƙwarin da suka manne a goshin motar kuma kar ka kankare, jiƙaƙƙen tawul za ka shimfiɗa a kai na ɗan lokaci su yi laushi.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri Hajiya. To folish ɗin da hannu zan yi? Don motar nan fa ba kaɗan ba ce.

Injiniya: Da hannu kafaɗarka za ta gaya maka. Nemi injin goga mai juyi biyu, wanda yake zagaye yana kuma karkaɗawa, shi ba ya saurin ƙona wuri. Mai juyi ɗaya ya fi sauri amma a hannun sabon shiga yana iya cinye shafin a kusurwa, kuma in ya cinye sai dai a sake fesawa. Ka fara gwaji a wani lungu ta baya, faɗin kamar rabin mita, da folish mafi laushi, in bai yi ba sannan ka ƙara kaushi. Ka rufe bakin sitika da baƙar roba da tef don folish da kaki suna barin fari a jikinsu. Kakin jiya kuwa folish ɗin zai tafi da shi.

Dattijo: Kaki kuma ni har gobe na karnuba nake so, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Burazil. Ƙyallinsa daban ne, kamar jiki a jiƙe.

Maman Sadiq: Baba ƙyalli kam akwai, amma wata biyu zuwa uku a rana ya tafi, wa zai riƙa zagaye mota mita 8 duk bayan wata uku? Mu na haɗin sinadari muke sa wa, sau biyu a shekara, shi kenan. Yadda muke ganewa lokaci ya yi, a watsa ruwa, in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa da saura, in ya kwanta shimfiɗe to ya ƙare.

Dattijo: Ku yaran zamani ba ku son motsa jiki. Ni ai na yi ritaya, aikin ne nishaɗina.

Ɗan Auta: Shafin seramik fa, wanda ake sa wa jikin mota a madadin kaki? An ce shekaru yake yi.

Injiniya: Yana daɗewa, amma duk abin da ke ƙarƙashinsa zai kulle shi ne yadda yake, in ka sa a kan jikin da bai gyaru ba ka adana muninka kenan. Ba na Baban Ilham ba ne yanzu. Kuma ko wane iri ka zaɓa, siriri ake shafawa, yanki-yanki, ya yi hazo a goge. Lafta shi da yawa wahalar gogewa kawai yake ƙarawa. Sitika kuma ka bar su da ruwan shafawar nan da ake kira 303, shi ke kare su daga rana. Rufin roba ba a sa masa kaki sam.

Maman Sadiq: Na manta, rumfar gefe. In ka wanke ta ka bar ta a buɗe ta bushe ƙarau kafin ka naɗe, in ba haka ba funfuna da wari. Kuma wuraren zango da yawa ba sa yarda a yi wanki a cikinsu, ka tambaya kafin ka jawo tiyo.

Baban Ilham: Jama'a na dawo. Na hau rufin yau da safe, da gwiwa kamar yadda Hajiya ta ce, ruwan da ya sauko baƙi ƙirin har na ji kunya. Layukan gefe rabi sun fita da sabulu kawai. Sai dai Baba, gam ɗin bakin fankar banɗaki ya tsage kusan tsawon yatsa, na tsayar da wankin a nan. Tsohon zan kankare duka ko a kai zan ƙara sabo?

Dattijo: Wanda ya saki kawai za ka cire, da abin kankara na roba ba wuƙa ba. Goge wurin ya bushe sosai, sannan ka zuba sabo ya rufe tsagar har ya hau kan tsohon ta kowane gefe. Ka ba shi kwana biyu kafin ruwa ya taɓa shi, kuma ka shiga ciki ka danna silin ɗin wajen da yatsa, in ka ji taushi ka turo mana hoto.