Siffantawa ce ko dabbantarwa? Don Allah a warware mini

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku na babbar sakandare, ina shirin jarrabawar NECO, kuma adon harshe ya tsaya mini a wuya.

Kamantawa ba ta ba ni wahala. Da na ga kamar, tamkar ko awa, na san kamancen daidaito ne. In aka ce "ya fi", fifiko ne, in aka ce "bai kai ba", kasawa ce. Mutuntarwa ma na gane ta, irin a ce rana ta yi murmushi.

Matsalata tana tsakanin siffantawa da dabbantarwa. A gwajin makon jiya an kawo mana jimlar "Sarkin yaƙi zaki ne." Na rubuta dabbantarwa, tunda an mai da mutum dabba. Malam ya soke, ya ce siffantawa ce. Da na tambaye shi dalili sai aka buga ƙararrawa, kuma har yau ban sake samun zama da shi ba.

Abin da na fara zato shi ne, in an kira mutum da sunan dabba kai tsaye, siffantawa ce, amma in an ba shi aikinta, kamar a ce "ya yi gurnani ya kai bara", sai ta zama dabbantarwa. Haka ne? To in baiti ɗaya ya haɗa duka biyun fa, wanne zan rubuta? Jarrabawa ta matso, wallahi abin yana damuna. Allah ya saka da alheri.