Mai son ɗora mastas: daga ina zai fara?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya gama bautar ƙasa, ya fito da 2.2, wato digiri mai ƙaramar daraja ta biyu, a kimiyyar sinadarai, yana son ɗora mastas. A Bauchi yake zaune. Malamai, me ya kamata ya fara yi?

Malam Yelwa: Wa alaikumus salam. Kafin ya sayi fom, ya fara da tiranskirif, wato takardar makin dukan darussan da ya yi. Ita ce ke kayar da mutane. Ba a miƙa wa ɗalibi ta hukuma a hannu, jami'arsa ce za ta aika wa makarantar da yake nema kai tsaye, kuma takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ya biya kuɗin, ya adana rasit, ya riƙa bibiya har sai ya tabbatar ta isa sashen karatun gaba da digiri. Da 2.2 yawancin jami'o'i za su karɓe shi. Mai digiri mai daraja ta uku ko mai HND ne akan ce ya fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri.

Maman Ilham: Ƙari a kan na Malam: takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, da takardun shaida daga malamai, galibi uku. Ya duba sunansa a kowace takarda. Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, ko sunan mahaifi ya koma gaba, wannan kaɗai kan tsayar da mutum a wajen tantancewa. In akwai saɓani ya je kotu ya yi takardar rantsuwa tun yanzu.

Dakta: Baban Khalifa, tambayar da za ka yi masa ita ce: me zai yi da mastas ɗin? Iri biyu ce, kuma da yawa ba sa ganewa sai sun gama. Akwai ta bincike, irin M.Sc., wadda ake rubuta kundi a kāre shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Akwai ta ƙwarewar aiki, irin MBA ta harkar kasuwanci da MPA ta harkar mulki, wadda ta fi dacewa da ma'aikaci mai neman ƙarin girma. In yana da burin koyarwa a jami'a ko yin digirin digirgir, wato PhD, ta binciken zai yi, don jami'o'i da dama ba sa karɓar ta biyun kai tsaye zuwa PhD. Kuma kada ya raina darussan shekarar farko. Wurare da yawa na neman maki 3.50 cikin 5 ko kashi 60 cikin ɗari kafin su ba mutum gurbin PhD.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, Dakta. To wace jami'a?

Malam Yelwa: Tunda fanninsa kimiyya ne kuma yana Bauchi, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ce a bakin ƙofarsa, ai a matsayin jami'ar fasaha aka kafa ta a 1980. Akwai kuma Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere. Amma ba sunan jami'a zai duba ba, sashen zai shiga da ƙafarsa. Ya tambayi waɗanda ke ciki: shekara nawa na gabansu suka yi kafin su fita? Ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya? Na'urorin ɗakin gwaji suna aiki, ko sai an kai samfur Zariya ko Kano an biya?

Dakta: Wannan ta ƙarshe ita ce babba a fanninsa. Kuɗin makaranta ba shi ne nauyin ba, kuɗin bincike ne: sinadarai, gwajin samfur, mota, buga kundi, da kuɗin wallafa maƙala a mujalla inda ake buƙata. Ya zaɓi batun da aljihunsa zai iya, wanda samfurinsa ke kusa, misali ruwan rijiyoyin unguwa ko ƙasar gonakin da ake zuba wa taki. Batu mai daɗin ji da ke buƙatar na'urar da babu ita a kusa yakan mayar da karatun shekara biyu ya zama huɗu. Sannan ya karanta abin da malaman sashen suka wallafa kafin ya je da batunsa. Malamin da batu ya faɗo cikin fanninsa ya fi saurin duba babi ya dawo da shi. Kwafe kuma ya kiyaye, yanzu akan sa kundi a manhajar gano kwafe irin Turnitin.

Maman Ilham: Ya kuma ajiye ɗan guzuri na ko-ta-kwana. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma kuɗin haya ba ya tsayawa don an rufe makaranta. In ya sami aikin gwamnati kafin nan, ya karɓi izinin tafiya karatu a rubuce kafin ya yi rajista, in ba haka ba takardar mastas ɗin kan iya zama ba ta da amfani wajen ƙarin girma.

Injiniya: Ba wanda ya taɓo tallafi. Tallafin asusun TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, bai shafe shi ba tukuna. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na ɗaukar nauyin fannonin da suka danganci man fetur da iskar gas, ya duba ko darajar digirinsa ta cika sharaɗinsu na bana. Chevening na Birtaniya na buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, ana buɗe shi wajen watan Agusta, kuma dole mutum ya dawo gida na shekara biyu bayan ya gama. Akwai DAAD na Jamus ma. Kada ya yi gaggawar rubuta IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu a waje, sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki. Fasfo ne ya kamata ya yi da wuri.

Baban Khalifa: Madalla. Gobe zai je ya biya kuɗin tiranskirif in sha Allah.

Malam Yelwa: Ya tafi da ainihin adireshin ofishin da za a aika wa, ya kuma karɓi kwafin ɗalibi don ya duba ko akwai darasin da ba a shigar da makinsa ba.