Na tarar da tsofaffin kwalabe 43 a akwatin mahaifina: ya ake gane shekarunsu, kuma in wanke ko in bari?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu wata huɗu ke nan, Allah ya ji ƙansa. Da muka zo kwashe kayan ɗakinsa sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da kwalabe, kowace an naɗe ta da tsohuwar jarida. Na ƙirga, 43 ne. Magini ne shi, ya daɗe yana haƙa harsashin gini, kuma tun muna yara mun san yakan dawo da kwalba a aljihu duk ƙasa a jikinta. Ban taɓa sanin adana su yake yi haka ba.

Mafi yawansu na lemo ne. Wasu rubutunsu na fenti, wasu rubutun ya taso daga jikin gilashin, kana jin sa da yatsa. Sunayen kamfanonin ban taɓa jin ko ɗaya ba, in ban da wata ta Coca-Cola da aka rubuta wa 25 ga Disamba, 1923. Yayana ya ce wannan ta haura shekara ɗari. Akwai wata mai nauyi, kore-kore, wuyanta a matse ta gefe biyu, da ƙwallon gilashi a ciki yana kai-kawo, ba ya fita ta baki. Sauran ƙanana ne na magani. Ɗaya shuɗiya ce mai kusurwa shida da layi-layi a jiki, har yanzu a toshe take, da wani baƙin abu daskararre a gindinta. Wata kuma fara ce amma tana ɗan ɗaukar launin shunayya in ka ɗaga ta a haske.

Na riga na yi ɓarna ɗaya. Na zuba wa wata ruwan zafi don datti ya saki, sai na ji ƙas, ta tsage daga kafaɗa har gindi. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Jaridun kuwa na tara su a buhu, zan ƙone. Don Allah masu sani, ta ina ake gane shekarun kwalba? Farin hazon da ke cikin wasunsu, wanda sabulu bai fitar ba, mene ne maganinsa?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙuri. Ɗana, ka ajiye soso tukuna, ka ɗauki kwalba ɗaya ka je bakin taga.

Nemi siririn layin da ya taso daga gindi ya yi sama ta gefe. Nan ne ɓangarori biyu na mazubin da aka busa gilashin a ciki suka haɗu. Bi shi da farce. In ya ɓace a wuya kafin ya kai baki, kuma ka ga kamar an murza wurin, to da hannu aka gyara bakin bayan an ciro kwalbar daga mazubi. In layin ya haye har saman leɓe, aikin inji ne. Injin da ya sauya sana'ar nan shi ne na Michael Owens a Amurka, a 1903. Amma kada ka riƙe wannan shekara kamar an ja layi da wuƙa. Injin yana da tsada, kuma bai dace da ƙaramin aiki ba, don haka ƙananan masana'antu sun ci gaba da aikin hannu har cikin shekarun 1920. Layin zai gaya maka yadda aka yi ta, sai ka haɗa da sauran alamomi kafin ka ce yaushe.

Sai baki. Murfin ƙarfe mai haƙora da muka saba gani a kan lemo, William Painter ne ya yi rajistarsa a Baltimore a 1892. Duk kwalbar da aka yi wa baki domin wannan murfi ba za ta riga wannan shekara ba. Masu rubutun fenti kuwa ƙannen kowa ne a akwatin, domin sai a tsakiyar shekarun 1930 aka fara gasa fenti a jikin kwalbar lemo.

Mai ƙwallon nan ita ce ta fi faranta mini rai. Hiram Codd ne ya ƙirƙiro ta a Ingila, a 1872. A kife ake cika ta, ƙwallon ya faɗo kan wani zoben roba da ke cikin baki, gas ɗin lemon ya danne shi a nan, shi ke nan ta rufu ba murfi ba toshi. In za a sha sai a tura ƙwallon ciki, matsin wuyan kuma ya tare shi kada ya dawo ya toshe hanya. Yara sun fasa da yawa don su ciri ƙwallon su yi wasa, shi ya sa samun mai lafiya yake da daɗi. Sai dai har yau ana amfani da irinta a Indiya da Japan, don haka ka duba gindinta. Wadda ta yi zirga-zirga tsakanin mai cikawa da mai sha za ka ga zagayen gindin ya goge ya yi fari-fari.

Ta Coca-Cola, ka gaya wa yayanka ya ɗan saurara. Wannan kwanan wata ranar rajistar siffar kwalbar ce. An ci gaba da buga shi a jikin kwalabe har cikin shekarun 1930, daga baya ma an sake yin na kwaikwayo. Ita siffar mai ƙugu, kamfanin gilashi na Root a jihar Indiyana ne ya fara rajistarta a Nuwamba 1915. Kuma in ka tambaye ni, ba ita ce babbar akwatin ba, don an yi miliyoyinta. Waɗanda ba ka taɓa jin sunansu ba, su nake so ka zuba wa ido. Duba ko sunan yana cikin wani da'ira ko murabba'i mai ɗan layi a kewaye. Masu yin gilashi sukan riƙe mazubi guda, su bar masa gurbi a gaba, duk ƙaramin mai lemo ko mai kemis da ya yi oda sai a sassaƙa masa faranti da sunansa a sa a gurbin. Mutum yana iya yin oda sau ɗaya ko biyu, sana'ar ta mutu, ba talla a jarida, ba hoto. Sau da yawa kwalbar ce kaɗai shaidar da ta rage cewa ya taɓa yin sana'ar. Ni shekara 26 ina tara irin waɗannan, kuma har yau in na sami sabon suna sai na kwana ina juya shi.

Mai ɗaukar shunayya, sinadarin manganis ne a cikinta. Ana zuba shi don ya kashe koren da ƙarfen cikin yashi ke sa wa gilashi, an fi yin haka daga wajen shekarun 1880 zuwa wajen 1920. In ta daɗe a rana sai ta juya. Taka mai haske ce, alama ce mai kyau. Wadda ka ga ta yi shunayya mai duhu sosai, ka yi hattara, akwai masu haska su da na'ura don su ruɗi mai saye.

'Yar Kemis:

Allah ya ji ƙan mahaifinku. Ɗan'uwa, ni maganar shuɗiyar nan ce ta sa na kasa wucewa. Kada ka buɗe ta, kada ka sansana, kada ka jiƙa ta. Kusurwa shida da layi-layi siffar kwalbar guba ce. An yi ta haka ne da gangan, domin a zamanin fitila mutum kan tashi cikin dare ya lalubi maganin tari, to da hannunsa ya taɓa wannan ya san ba ita ba ce. Juya ta ka gani, da yawa an rubuta musu "NOT TO BE TAKEN", wato ba a sha. Abin da ake zubawa a irinsu ya haɗa da kabolik da magunguna masu zaiba ko asanik, kuma zaiba da asanik ba sa lalacewa don sun tsufa. Ruwan ne ya ƙafe, abin da ya rage ya ma fi ƙarfi. Ka sa safar hannu, ka saka ta a leda mai kauri, ka ɗora inda yaro ba zai kai ba. In ka ga lallai sai an zubar da abin ciki, ka kai wa mai harhaɗa magunguna, ban da zubawa a kwata.

Har waɗanda ba a rubuta wa guba ba, kada ka yarda da su. Akwai wani sanannen maganin jarirai na ƙarni na 19, Mrs. Winslow's Soothing Syrup, da ake ba yaro in yana fitar da haƙori, alhali mofin, magani mai sa maye, ne a ciki. Sai a 1906 dokar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta irin su mofin da ofiyom da barasa a jikin takarda. Amma ba kowace shuɗiya ce ta guba ba, Milk of Magnesia na Phillips da Vicks duk a shuɗin gilashi suka daɗe suna zuwa. Duk wadda ke da sauran takarda a jiki, ko da rabi ce, ruwa kada ya taɓa ta. Takardar ta fi gilashin wuyar samu.

Mai Son Ƙyalli:

Malam, tsagewar nan ba kai ka fara ba. Tsohon gilashi kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani gefe ya fi wani, to in zafi ya shiga farat ɗaya sai wani wuri ya buɗe kafin wani. Ruwan da ya kwana a ɗaki ɗaya da kwalbar shi za ka yi amfani da shi, da ɗan sabulun ruwa, a robar wanki, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa. Bar su kwana uku ko huɗu, sannan ka bi da burushi mai laushi. Farin dutsen da ruwa ke bari, ruwan khal yana cinye shi. Lungun da burushi bai kai ba, yanka wayar tagulla ƙanana-ƙanana ka zuba da ruwan sabulu ka girgiza, tagulla ba ta kai gilashi tauri ba. Masu fenti kuwa sabulu da tafin hannu kawai, kuma kada ka jera su a rana, jan yakan koɗe.

Hazon, gwada wannan: jiƙa kwalbar. In ya ɓace tana jiƙe ya dawo da ta bushe, to ba datti ba ne. Damshin ƙasa ne ya tsotse wasu sinadarai daga fatar gilashin tsawon shekaru, wanki ba zai yi komai ba. Sai injin gogewa, wanda ke juya kwalbar cikin bututu da gutsattsarin tagulla da garin gogewa na kwanaki. Ni duk nawa masu hazo na goge su, kuma ban yi nadama ba. Wanda ya yi kwalbar nan tana ƙyalli ya fitar da ita, haka nake so in gan ta.

Tsohon Hannu:

Ƙanena Mai Son Ƙyalli, maganarka a kan wanki daidai ce, amma a kan inji mun rabu. Gogewa cin gilashi ce. Na taɓa bayar da wata mai sunan wani ƙaramin mai kemis aka goge mini, ta dawo tana sheƙi, haruffan kuwa sun kwanta, na ƙarshen sai da fitila ake karanta shi. Ba a mayar da wannan. Wadda aka yi dubbai irinta, a goge. Wadda ba ka san ta biyunta ba, a bar ta da hazonta.

Ɗana, na koma na sake karanta saƙonka, na ga abin da ya wuce ni da farko. Kada ka ƙone jaridun nan. Mutumin da ya zauna ya naɗe kwalba 43 ɗaya bayan ɗaya, da wuya bai bar wata alama ba. Ko bai rubuta komai ba, kwanan watan jaridar zai nuna maka wajen lokacin da ya samo ta. Warware su ɗaya-ɗaya ka duba gefe-gefe.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, shuɗiyar tana cikin leda a saman kabad, kuma rubutun da kika faɗa yana jikinta, ban lura da shi ba sai yau.

Baba Tsohon Hannu, na zazzage buhun jiya da dare. A cikin 43, guda 29 suna da rubutun mahaifina da fensir a gefen shafi: wurin da yake aiki, shekara, da zurfin ramin, wani wuri ya sa "ƙafa 4", wani "ƙafa 7, tsohon juji, akwai toka". A ɗaya ya rubuta "mai ƙwallo, ita kaɗai ce ba ta fashe ba cikin shida". Na daɗe zaune da wannan takardar a hannu. Damuwata yanzu ita ce na riga na raba kwalaben da jaridunsu. Guda 11 ya ambaci suna ko launi, na mayar da kowace inda take. Saura 18 ina gwada su da shacin naɗin da ya rage a jikin takardar, don wasu har yanzu suna riƙe da siffar kwalbar. Na bi layin gefe kamar yadda ka ce, 9 ne layinsu ya tsaya a wuya, kuma 7 daga ciki sunansu yana cikin da'ira. Ba zan kai ko ɗaya inji ba. Wadda na tsaga ma na sami tata takardar, na naɗe ta na mayar akwatin. Yanzu abin da nake so in sani, da me zan liƙa musu lamba a gindi wanda ba zai bar tabo a gilashin ba?